Tsofaffin ƙananan jiragen sama na alkafura masu aiki da rediyo

Tsofaffin ƙananan jiragen sama na alkafura rukuni ne na ƙananan jirage marasa matuƙi a ciki, waɗanda mutum ke sarrafawa daga ƙasa ta hanyar rediyo, aka kuma zana su tsakanin tsakiyar shekarun 1950 da farkon shekarun 1980 domin gasar juyi da mirgina a sararin sama. Masu sha'awarsu a yau suna sake gina su daga ainihin zanen da aka buga a mujallun wancan zamani, ko su gyara tsofaffin da suka rage, sannan su tuƙa su bisa jerin salon alkafura irin na da. Wasan ya fi ƙarfi a Amurka, Birtaniya, Jamus, Suwizalan, Ostiriya, Japan, Ostireliya da Afirka ta Kudu.

Akasarin waɗannan jirage faɗin fikafikansu daga wannan baki zuwa wancan yana tsakanin santimita 150 zuwa 180, nauyinsu kuma tsakanin kilo 2.5 zuwa 4.5. Ana yin su da katakon balsa da falle-fallen filawud, injinsu na gargajiya kuwa bai wuce cc 10 ba. Da Turanci ana kiran wannan wasa "pattern", ma'ana tsararren jerin salo da dole matuƙi ya bi ɗaya bayan ɗaya a gaban alƙalai. A kundin Hukumar Wasannin Sama ta Duniya, FAI, sunan ajin shi ne F3A.

## Iyakar zamani

Babu shekara guda da kowa ya yarda cewa daga ita ne jirgi ke zama "tsoho". Kowace ƙungiya tana da nata ma'auni. Wasu suna karɓar zanen da ya fito kafin shekarar 1976 kawai. Wasu sukan miƙa har zuwa tsakiyar shekarun 1980, lokacin da aka sauya tsarin gasar baki ɗaya. Wasu kuma suna ƙirga shekarun zanen ne, su ce duk wanda ya kai shekara 35 ya shiga sahu. Abin da aka haɗu a kansa shi ne, zanen ake dubawa, ba ranar da aka gina jirgin ba. Jirgin da aka kammala a makon jiya daga zanen 1962 tsoho ne a idon waɗannan ƙungiyoyi.

## Tarihi

### Mafari

A shekarar 1898 Nikola Tesla ya nuna wani ƙaramin kwale-kwale mai karɓar umarni ta rediyo a birnin New York. Sai dai an ɗauki kusan shekara arba'in kafin kayan rediyo su yi sauƙin da ƙaramin jirgin sama zai iya ɗauka. A 1937 aka fara saka ajin rediyo a gasar ƙasa ta ƙananan jirage a Amurka, wadda aka yi a Detroit. A wannan shekarar ne tagwayen nan Walter Good da William Good, 'yan jihar Michigan, suka fito da jirginsu mai suna Guff, mai faɗin ƙafa 8. Walter ne ya fi ƙwarewa a ginin jirgi, William kuma a harkar rediyo. Jirgin ya ci gasar ƙasa a 1939 da 1940, ya sake ci a 1947 bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Yanzu yana ajiye a hannun gidan tarihin jiragen sama na Smithsonian.

### Zamanin maɓalli ɗaya

Rediyoyin farko suna aiki ne da kwalaben bawul da manyan batura masu nauyi, kuma umarni ɗaya tak suke iya aikawa. A cikin jirgin akwai wata na'ura mai kama da cikin agogo, wadda murɗaɗɗiyar roba ke juyawa. Idan matuƙi ya danna maɓalli sau ɗaya, leɓen jela na tsaye ya karkata dama, idan ya danna sau biyu ya karkata hagu. Idan robar ta gama warwarewa, jirgi ya daina jin magana.

Duk da wannan ƙarancin, matuƙa sun gano dabarar yin alkafura. Sukan riƙe leɓen jela a gefe guda har jirgin ya sunkuyo yana wulwulawa, gudunsa ya ƙaru, sannan su saki. Rarar gudun ce ke ɗaga hancin jirgin ya zagaya da'ira a tsaye. A 1952 hukumomin Amurka suka buɗe zangon megahaz 27 ga jama'a ba tare da jarrabawar masu rediyo ba, abin da ya jawo dubban sababbin 'yan wasa.

### Zamanin harsunan ƙarfe

A tsakiyar shekarun 1950 aka yawaita amfani da wani tsari mai jerin siraran harsunan ƙarfe a cikin na'urar karɓa. Kowane harshe yana da tsayinsa, don haka yana rawa ne kawai idan ya ji amon da ya dace da shi. Akwatin da ke hannun matuƙi yana da maɓallai da dama, kowanne yana aika nasa amon. Harshen da ya yi rawa sai ya haɗa wuta zuwa ga sarbo, wato ƙaramar motar lantarki da ke tura leɓen fiffike ko na jela. Kowane aiki yana cin harshe biyu, ɗaya na zuwa ɗaya na dawowa, saboda haka rediyo mai harshe 10 ayyuka biyar yake yi.

Matsalar tsarin ita ce ba shi da tsaka-tsaki. Ko dai leɓe ya tafi har ƙarshe, ko ya koma tsakiya. Gwanayen wancan lokaci sun koyi taɓa maɓalli da sauri-sauri da babban yatsa don jirgin ya juya a hankali ba tare da fizga ba. Wannan ne ya sa jiragen zamanin suke da kaurin fiffike da doguwar jela, domin su riƙa amsa umarni cikin natsuwa.

Jirgin Smog Hog na Howard Bonner ya ci gasar ƙasa ta Amurka a 1956. A shekara mai bi Fred Dunn ya ɗauki wannan tunani ya mayar da fiffiken ƙasan gangar jiki, ya sanya masa leɓuna, ya kira shi Astro Hog. A gasar 1958 jiragen Astro Hog ne suka mamaye sahun gaba, Bob Dunham na kamfanin rediyo na Orbit ya zo na ɗaya. Tun daga nan fiffiken ƙasa ya zama siffar jirgin alkafura.

An yi gasar duniya ta farko a 1960 a Dübendorf ta ƙasar Suwizalan. Ed Kazmirski, wani mai sana'ar gyaran ƙarfe daga yankin Chicago, shi ya ci da jirginsa Orion. Jirginsa na gaba, Taurus, ya ci gasar ƙasa ta 1962, kamfanin Top Flite ya sayar da shi a kwali da yawan gaske, kuma har yau yana cikin zanukan da aka fi sake ginawa.

### Shigowar tsarin gwargwado

A farkon shekarun 1960 aka fara sayar da rediyon da leɓen jirgi ke motsawa gwargwadon yadda matuƙi ya karkata sandar da ke hannunsa. Idan ya tura kaɗan ya motsa kaɗan, idan ya tura da yawa ya motsa da yawa. Injiniyoyi biyu a Kalifoniya, Doug Spreng da Don Mathes, su ne suka fito da hanyar aika umarni ta tsawon bugun lantarki, inda bugun da ya kai kashi ɗaya zuwa biyu cikin dubu na daƙiƙa ke faɗa wa sarbo inda zai tsaya. Har yanzu yawancin sarbo suna fahimtar wannan ma'auni. Kafin ƙarshen shekarun 1960 tsarin harsunan ƙarfe ya ɓace daga filin gasa.

Phil Kraft, wanda kamfaninsa Kraft Systems ya zama babban mai ƙera rediyo a Amurka, ya ci gasar duniya ta 1967 a tsibirin Kosika da jirgi mai sauƙin gini, Kwik-Fli III. Shi ne kuma ya zana Ugly Stik, jirgi mai gangar jiki kamar akwati da ya yi don gwada rediyoyinsa, wanda daga baya aka kwaikwaye shi a ko'ina.

### Zamanin gudu

Daga 1969 zuwa farkon shekarun 1980 jiragen gasa sun ƙara sirancewa da sauri. Aka fara naɗe tayoyi cikin jiki bayan tashi. A tsakiyar shekarun 1970 aka shigo da dogon bututun salansa wanda ake auna tsayinsa daidai da juyin injin, yana mayar da iskar mai cikin silinda ya ƙara ƙarfi. Jiragen wannan lokaci suna iya wuce kilomita 160 a awa. Matuƙi yakan shigo da gudu, ya yi salo ɗaya a gaban alƙalai, ya wuce can nesa ya juyo yadda ya ga dama, domin ba a ba da maki a juyowar.

Turawan tsakiyar Turai ne suka fi riƙe kambun a wannan zamani: Bruno Giezendanner na Suwizalan, Wolfgang Matt na Liechtenstein, da Hanno Prettner na Ostiriya. Jirgin Prettner mai suna Curare, wanda jelarsa ta kwance ta sunkuya ƙasa a gefe biyu, ya zama alamar zamanin. Prettner ya ci gasar duniya sau bakwai tsakanin 1977 da 1993.

### Sauyin tsari

Ƙarar injuna da faɗin sararin da jiragen ke ci sun jawo koke daga maƙwabtan filaye, musamman a Turai. A 1984 FAI ta koma sabon tsari inda ake ba da maki har a juyowar gefe, kuma dole jirgi ya zauna cikin wani kewayayyen yanki na sama. Wannan ya buƙaci jirage masu tafiya a hankali da ƙarfin hawa. Injuna masu bugu huɗu suka karɓi fili, daga baya aka kai girman jirgi mita 2 a tsayi da mita 2 a faɗi, sannan lantarki ya maye gurbin mai. Tsadar waɗannan sababbin jirage na daga cikin dalilan da suka sa wasu 'yan wasa suka koma ga tsofaffin zanuka.

## Zakarun duniya daga 1960 zuwa 1983

* 1960, Dübendorf, Suwizalan: Ed Kazmirski, Amurka, da jirgin Orion
* 1962, Kenley, Ingila: Tom Brett, Amurka, da jirgin Perigee
* 1963, Genk, Beljiyam: Ralph Brooke, Amurka
* 1965, Ljungbyhed, Suwidin: Ralph Brooke, da jirgin Crusader
* 1967, Ajaccio, Kosika: Phil Kraft, Amurka, da jirgin Kwik-Fli III
* 1969, Bremen, Jamus: Bruno Giezendanner, Suwizalan, da jirgin Marabu
* 1971, Doylestown, Amurka: Bruno Giezendanner, da jirgin Marabu
* 1973, Gorizia, Italiya: Tsugutaka Yoshioka, Japan, da jirgin Blue Angel
* 1975, Bern, Suwizalan: Wolfgang Matt, Liechtenstein, da jirgin Atlas
* 1977, Springfield, Amurka: Hanno Prettner, Ostiriya, da jirgin Curare
* 1979, Johannesburg, Afirka ta Kudu: Wolfgang Matt, da jirgin Arrow
* 1981, Acapulco, Meziko: Hanno Prettner, da jirgin Magic
* 1983, Pensacola, Amurka: Hanno Prettner, da jirgin Calypso

Akwai jiragen da ba su ci gasar duniya ba amma suka fi waɗansu zakarun yaɗuwa. Daga cikinsu akwai Kaos na Joe Bridi, wanda ya fito a 1970, da ƙannensa Super Kaos da Dirty Birdy, sai jerin Phoenix na Don Lowe, da Intruder na Jim Kirkland, da Uproar na Chris Olsen a Birtaniya.

## Kayan gini

Balsa shi ne ƙashin bayan aikin. Itace ne mai saurin girma na yankunan zafi na nahiyar Amurka, kuma mafi yawan wanda ake sayarwa a duniya daga Ekwado yake fitowa. A ilimin tsirrai dangin rimi ne da kuka. Nauyinsa ya bambanta ƙwarai daga falle zuwa falle, har wani ya ninka wani, shi ya sa magina ke auna kowane falle a sikeli. Mai sauƙi ana kai shi jela da rufin fiffike, mai tauri kuma a sa shi inda ake buƙatar ƙarfi.

Filawud na birch ana amfani da shi wajen bangon da ake ɗaura injin, da mazaunin tayoyi, da mahaɗar fikafikai biyu.

Farin soso mai tauri, irin wanda ake tallafe kayan lantarki da shi a kwali, ya shigo a tsakiyar shekarun 1960. Ana yanka shi da zazzafar waya a siffar fiffike, sannan a manna masa siririn katako. A Amurka balsa ake mannawa. A Birtaniya da sauran Turai an fi amfani da fallen obeche, itacen dazukan Afirka ta Yamma da ake sarewa a kudancin Najeriya, Gana da Kamaru. A Gana ana kiransa wawa, a Kamaru kuma ayous.

Rufi na farko siliki ne ko nailan ko wata takarda ta musamman, a shafa mata wani fenti mai suna dop wanda ke ɗaure ta tamau idan ya bushe. Aiki ne mai cin makonni, ga wari mai ƙarfi. A 1966 Top Flite ya fito da MonoKote, ledar da ake mannawa da dutsen guga ta kuma tsuke da zafi. A Birtaniya Solarfilm ya yi irin wannan aiki. A shekarun 1970 manyan 'yan gasa sun fi son gangar jiki ta faiba da fenti mai sheƙi kamar na mota.

Gam na da yana ɗaukar sa'o'i kafin ya kama. Gam mai kamawa nan take ya shiga hannun magina a shekarun 1970, ya rage lokacin gini sosai. Har yanzu ana amfani da farin gam na kafintoci wajen haƙarƙarin fiffike, da gam mai haɗi biyu wajen bangon injin.

## Yadda ake gini

Ana shimfiɗa zanen, wanda girmansa daidai yake da girman jirgin, a kan miƙaƙƙen allo da allura za ta iya shiga. A rufe shi da leda mai haske don kada gam ya kama takardar. A kan zanen kai tsaye ake jera sassa ana kafe su da allurai.

Fiffike ake fara yi. A kafa doguwar sandar tsakiya, a jera haƙarƙari a kanta, a sa sandar gaba da ta baya, sannan a rufe gaban da siririn balsa. Fiffiken jirgin alkafura samansa da ƙasansa kumburi ɗaya gare su, ko kusan haka, domin jirgin ya tashi a rigingine kamar yadda yake tashi a daidai. Saboda wannan kumburin, fiffiken ba ya kwanciya a allo, sai an tallafe shi da ma'auni. Karkacewar da ido ba zai lura da ita ba ta isa ta sa jirgi ya riƙa zamewa gefe a duk da'irar da ya yi, kuma ba a iya gyara ta gaba ɗaya da rediyo.

Gangar jiki yawanci akwati ce: gefe biyu na balsa, bangaye a tsakani, da sanduna masu kusurwa uku a lungunan ciki. Waɗannan sandunan ne ke ba da damar fere kusurwoyin da goge su da samfefa har jikin ya zama mulmulalle. Ana shafe ɗakin injin da na tanki da abin da zai hana mai shiga katako, domin balsan da ya sha mai ba ya sake kama gam.

Bayan haɗawa sai awo. Dole jela ta yi daidai da fiffike, nisan bakin kowane fiffike zuwa jela ya zama ɗaya. Akan ɗan karkata injin dama kaɗan don rage jan da farfela ke yi. Abu mafi muhimmanci shi ne madaidaicin nauyi, wanda galibi yake wajen kashi 25 zuwa 33 cikin ɗari na faɗin fiffike daga gaba. Jirgin da hancinsa ya yi nauyi yana tashi da kasala, ya sauka da gudu. Wanda jelarsa ta yi nauyi kuwa yana iya ƙwacewa daga hannun matuƙi tun a tashin farko. Magina na yau da ke sa injin lantarki ko ƙananan kayan rediyo na zamani sukan tarar da cewa jelar ta yi nauyi, tunda an yi zanen ne da lissafin tsofaffin kaya masu nauyi a gaba.

## Injuna da mai

Injin gargajiya na wannan wasa mai bugu biyu ne, mai fulogi mai ja. Ray Arden ne ya shigo da irin wannan fulogi kasuwa a ƙarshen shekarun 1940. A cikinsa akwai naɗaɗɗiyar waya mai sinadarin filatinam. Ana haɗa ta da batir mai kimanin bolt 1.5 ta yi ja, a juya farfela injin ya tashi, sannan a cire batirin. Zafin ƙonewa da haɗuwar wayar da tururin metanol su ke ci gaba da riƙe ta da zafi.

Man da ake sa wa injin haɗi ne na metanol, da man shafawa kimanin kashi 17 zuwa 20 cikin ɗari, da ɗan naitirometen don ƙarin ƙarfi. Man shafawa na asali shi ne man zurma. Tsofaffin injuna masu fistan na ƙarfe sun fi lafiya da shi, domin yana jure zafi idan man ya yi ƙaranci, ko da yake yana daskarewa kamar ƙaro idan injin ya daɗe a ajiye. Ana iya farfaɗo da irin wannan injin ta hanyar ɗumama shi da jiƙa shi a mai, maimakon a juya shi da ƙarfi.

A farkon shekarun 1960 injuna masu kimanin cc 7.5, irin na K&B da Veco, su ne a gaba. Daga baya kowa ya koma iyakar da doka ta yarda, wato cc 10. Fitattun masu ƙerawa sun haɗa da Enya da O.S. na Japan, Super Tigre da Rossi na Italiya, Merco na Ingila, da Webra da HP na yankin Jamus da Ostiriya.

## Tuƙi da salon alkafura

Jirgin alkafura yana da umarni huɗu na asali: leɓunan fiffike masu sa shi mirgina, leɓen jela na kwance mai ɗaga hanci ko sunkuyar da shi, leɓen jela na tsaye mai karkata shi dama ko hagu, da totur. An gina shi ne ya tsaya a duk yanayin da aka bar shi, ba ya miƙe kansa da kansa kamar jirgin koyo. Don haka ba a fara koyon tuƙi da shi.

Salon da aka saba gani a tsofaffin jadawali sun haɗa da:

* Da'ira uku a jere, ta ciki da ta waje. Ana so kowace ta hau kan sawun ta farko.
* Mirgina uku a jere a kan miƙaƙƙen layi, da mirgina a hankali, da mirgina mai tsayawa huɗu.
* Juyin Immelmann, rabin da'ira sama sannan rabin mirgina. An sa masa sunan Max Immelmann, matuƙin Jamus a Yaƙin Duniya na Ɗaya.
* Takwas ta Kuba, siffar lamba 8 a kwance da rabin mirgina a kowace gangara.
* Juyin tsaye, inda jirgi ke hawa miƙe har gudunsa ya kusa ƙarewa, ya juya a kan bakin fiffike ya sauko.
* Doguwar hula, hawa miƙe, ɗan tafiya a kwance a sama, da saukowa miƙe.
* Katantanwa uku, inda jirgi ke faɗowa yana wulwulawa, a tsayar da shi daidai a juyi na uku.
* Tafiya a rigingine, da tashi da sauka, waɗanda su ma ana ba su maki.

Kowane alƙali yana ba da maki daga 0 zuwa 10 a kan kowane salo. A gasar FAI ana ninka makin da wata lamba gwargwadon wuyar salon. Abin da ake dubawa shi ne zagayen da'ira, miƙewar layi, daidaiton saurin mirgina, da kasancewar salon a tsakiyar gaban alƙalai. Matuƙi yana da mataimaki a bayansa mai karanta masa salo na gaba, tunda ba ya iya ɗauke ido daga jirgi.

Sabon jirgi yana ɗaukar tashi da yawa kafin ya daidaita. Matuƙi yakan gwada abu ɗaya a lokaci guda: ya saki sanduna ya ga ko jirgin zai miƙe, ya kifa shi ya ga yawan turin da yake buƙata, ya hau miƙe ya ga ɓangaren da yake zamewa. Daga nan sai a gyara nauyi, ko kusurwar injin, ko a sa ɗan ƙarfe a bakin fiffiken da ya fi sauƙi.

## Ƙungiyoyi

A Amurka uwar ƙungiyar ƙananan jirage ita ce Academy of Model Aeronautics, wadda aka kafa a 1936. Hedikwatarta na Muncie a jihar Indiana, inda take da gidan tarihi mai ɗauke da jirage da rediyoyi na asali. Ƙungiyar Vintage Radio Control Society, wadda aka kafa a ƙarshen shekarun 1980, tana kula da kowane irin tsohon jirgin rediyo, kuma tarurrukanta sun fi kama da zumunci fiye da gasa. Senior Pattern Association, wadda Mickey Walker ya kafa a 1991, ta fi ƙarfi a kudu maso gabashin ƙasar. Ta ginu ne a kan zanukan da suka fito kafin 1976, ta kuma hana naɗe tayoyi da bututun ƙarin ƙarfi don kada kuɗi su raba 'yan wasa. Masu son jiragen zamanin gudu da cikakkun kayansu sun kafa nasu ƙungiyoyin. A Birtaniya akwai UK Classic Aerobatic Association.

## Saɓanin ra'ayi

Babbar muhawara a tsakanin masu wannan sha'awa ita ce iyakar sauyin da za a yi wa zane kafin ya tashi daga sunansa. Kusan kowa ya yarda da amfani da rediyon zamani mai gigahaz 2.4, wanda ya yaɗu daga tsakiyar shekarun 2000. A da, mutum biyu ba sa iya tashi a zango ɗaya, kuma kunna akwati bisa kuskure yakan kayar da jirgin wani. Wasu ma sukan cire cikin tsohon akwatin Kraft ko Orbit su sa sababbin kaya, siffar waje ta zauna yadda take.

Inda aka rabu shi ne injin. Masu ra'ayin riƙau suna ganin ƙarar injin da warin man zurma da hayaƙin da ke bin jirgi ɓangare ne na abin da ake adanawa. Masu goyon bayan lantarki kuma suna cewa filaye da dama sun hana ƙara, man metanol ya yi tsada, kuma idan ba a sassauta ba matasa ba za su shigo ba. Akwai kuma ƙorafin cewa wasu magina suna ƙara tsawon jela ko rage kaurin fiffike a ɓoye don samun maki, abin da ya sa wasu ƙungiyoyi ke ajiye jerin zanukan da suka amince da su, suna kuma auna jirage.

## Ƙalubale

Yawancin kamfanonin da suka riƙa yanka katako suna sayarwa a kwali sun rufe ko an haɗiye su. Mujallar R/C Modeler, wadda ta buga Kaos da wasu zanuka da dama, ta daina fitowa a 2005. Kamfanin Hobbico, mai riƙe da sunayen Top Flite da Great Planes, ya durƙushe a 2018. A wajajen 2019 da 2020 farashin balsa ya tashi sosai saboda masu ƙera fikafikan injunan lantarki na iska suna saye da yawa. Shigowar jiragen da aka gama haɗawa a masana'anta ya kuma rage yawan masu iya gini daga zane, kuma akasarin waɗanda suka iya ɗin sun manyanta.

A ɗaya ɓangaren, masu sa kai sun ɗauki hoton dubban tsofaffin zanuka sun ajiye a intanet, a shafuka irin su Outerzone, inda kowa zai iya sauke su kyauta. Ƙananan masu sana'a suna yanka haƙarƙari da bangaye da na'urar leza bisa oda. Wannan ya sa zanen da a da sai an yi sa'ar samun tsohuwar mujalla yanzu yana hannun duk mai kwamfuta.

## Doka da kariya

Farfelar injin cc 10 tana juyawa fiye da sau dubu goma a minti, tana iya yanke yatsa. Metanol guba ne, kuma wutarsa ba ta cika ganuwa da rana ba. Batiran litiyam na jiragen lantarki suna iya kamawa da wuta idan suka huje ko aka cika musu caji. Ƙungiyoyi suna wajabta gwada nisan rediyo kafin tashin farko, da raba layin matuƙa da na 'yan kallo, da inshora.

Tun da jirage marasa matuƙa masu kamara suka yawaita, ƙasashe da dama sun haɗa ƙananan jiragen sha'awa a cikin dokokinsu. Amurka ta fara rajistar masu jirage da suka wuce giram 250 a Disambar 2015, Birtaniya kuma a 2019. A wurare da yawa an ƙayyade tsayin tashi a mita 120 sai dai in fili yana da izini na musamman, abin da ke takura masu manyan da'irori. A Najeriya hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ta sanar a 2016 cewa ba a tayar da jirgi mara matuƙi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro.

## Duba kuma

* Jirgin sama mara matuƙi
* Rediyo
* Balsa
* Zurma